Shin ya halatta yaro ya yi kiwon tattabaru?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Rigasa ce a nan Kaduna. Ɗana mai shekara 11 ya tara kuɗin barka da Sallah ya sayo tattabaru biyu, mace da namiji, yanzu har sun hayayyafa. Kakarsa ta ce ta ji a wa'azi mai bin tattabara shaiɗan ne, don haka a yanka su. Yaron kuwa sai kuka. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, a bar wa yaron nan tsuntsayensa, kiwonsu halal ne.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa yana da ƙane, Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. A ruwayar Abu Dawud, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya tarar da yaron cikin damuwa, sai ya ce masa: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Bai ce wa iyayen don me kuka bar shi da tsuntsu ba. Shugaban halitta ne ya tsaya yana rarrashin ƙaramin yaro a kan abin wasansa. Daga nan malamai suka fitar da halaccin yaro ya riƙe tsuntsu, matuƙar ba azabtar da shi yake yi ba.

Abin da Hajiya kakarsa ta ji ma yana da asali. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ga wani mutum yana bin tattabara, ya ce shaiɗan ne yake bin shaiɗaniya. Amma babban mutum ne wannan, wanda tashin tattabaru ya ɗauke wa hankali daga abin da ya fi. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka lissafa wasa da tattabaru cikin abin da ke zubar da mutuncin mai ba da shaida. Wanda ya ajiye su don su hayayyafa, ko ya ci, ko ya sayar, bai shiga cikin wannan ba. A yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, tsoron Allah ne ya sa ta faɗi haka.

Sai dai ki sa ido. Ranar da ya kulle su cikin akurki ya tafi makaranta ba gero ba ruwa, a zafin watan Maris, ya ɗauki alhaki. Ki karanta masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da yara ke yi a unguwanni: tattabarar maƙwabci ta biyo nasu ta sauka, su rufe ta, su fige mata fiffike, su ce sun ci riba. Wannan cin dukiyar wani ce, dole a mayar wa mai ita, ko da yaron bai balaga ba. Haka hawa katanga ko rufin kwano da sunan kamo tsuntsu, alhali ana hango tsakar gidan mutane, ki hana shi tun yanzu. In kuma aka fara sa kuɗi a kan ta wa za ta riga dawowa, an shiga caca.

Ga sallah kuma. Ya wuce shekara 10, an umarce ku ku tsananta masa a kanta. In an kira Magariba yana can yana ƙirga waɗanda suka dawo, ko ya fara makara a Islamiyya, ki gargaɗe shi, in ya ƙi ji a rage masa su. In kuwa yana kiyaye waɗannan, ki taimaka masa da ɗan tsaba, ki sa shi share kashinsu a kai a kai don lafiyar gida, kuɗin 'ya'yan da ya sayar kuma nasa ne, a adana masa.

Wallahu a'alam.