Hajiya, ga abin da na sani game da tallafin karatu ga sabon ɗalibin jami'a

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ina taya ku murna, Allah Ya sanya albarka a karatun yarinyar nan, Ya sa ku ci moriyarta. Kin ce ta ci 271 a JAMB, ta sami gurbi a Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, za ta karanta kimiyyar kwamfuta, maigida kuma ya yi ritaya sai ɗan fansho, shi ne kike tambaya ko akwai masu ɗaukar nauyin sabon ɗalibi saboda ƙoƙarinsa. Na ga 'yan'uwa sun jero miki sunayen hukumomi da kamfanoni, kuma duk akwai su, ba ƙarya suka yi ba. Sai dai akwai abin da ba a gaya miki ba. Ni malamin sakandare ne a nan Tudun Wada, na daɗe ina zama da ɗalibaina muna cika irin waɗannan fom, nawa 'ya'yan ma sun bi ta nan.

Kada ki sa ran kuɗin tallafi ne zai biya rajistar farko. A ƙasar nan kusan duk mai ba da tallafin hazaƙa ba makin JAMB yake dubawa ba, sakamakon jami'a yake jira. Hukumar tallafin karatu ta tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja, sai ɗalibi ya shiga aji biyu take karɓarsa, kuma da jimlar maki, wato CGPA, 4.0 cikin 5.0. Gidauniyar MTN tana ba masu karatun kimiyya da fasaha, amma ita sai yaro ya kai aji uku yana riƙe da 3.5 ko sama. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, shi ma sai an wuce shekarar farko, ga shi kuma hukumarsa ta fi karkata ga kwasa-kwasan da suka shafi man fetur da gas. Akwai kamfanoni irin su kamfanin iskar gas na NLNG da ke karɓar 'yan aji ɗaya, amma su ɗin ma sai an riga an yi rajista an sami lambar ɗalibi, a cika fom, a jira a kira jarrabawa, a jira sakamako, kafin kuɗi ya shigo an ci rabin shekara ko fiye. MTN na da wani kaso na waɗanda suka fi kowa cin JAMB, to amma mutum goma ne a duk faɗin Najeriya.

Mutanenmu da yawa suna ɗauko wannan tsammanin ne daga labarin Amurka, inda jami'a da kanta take haɗa takardar gurbi da bayanin rangwamen da ta yi wa yaro, wani saboda hazaƙa, wani saboda ƙarancin samun iyaye. Can haka tsarinsu yake. Nan jami'o'in gwamnati ba sa yin haka. Wasu jami'o'in kuɗi ne ke tallata ragi ga mai maki da yawa, har ki ji an ce an yafe rabi. Kafin ki yi murna ki tambayi rabin nawa ne, domin rabin miliyoyi ya ninka kuɗin KASU sau da yawa, kuma galibi ragin bai shafi ɗakin kwana da abinci ba. Na ga uban da ya sayar da fili a Rigasa saboda irin wannan rangwamen, yaro bai kai aji uku ba abin ya gagara, aka dawo ana neman sabon gurbi.

To ina za a samo na shekarar farko? Kin san a 2021 an ɗaga kuɗin KASU daga dubu ashirin da 'yan kai zuwa 150,000, yara da yawa suka koma gida. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000, aka kuma rage na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da rabi. Wannan shi ne ma'aunin da za ki fara da shi, amma ki sa ta ta buga takardar biyan kuɗi daga shafinta na makaranta, don abin da ke jikin takardar shi za ki biya, kuma kwasa-kwasai sun bambanta. Bayan shi akwai kuɗin karɓar gurbi, gwajin lafiya, kuɗin sashe da na ƙungiyar ɗalibai, hotuna, fotokwafi, fayil-fayil. Ƙananan nan su ne ke cinye mutum ba ya sani. Ita kuma mai kimiyyar kwamfuta, ba za ta yi nisa ba sai da kwamfutar cinya, ko da ta hannu ce.

Abin da ya fi kusa da sabon ɗalibi yanzu shi ne asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND. An fara sa hannu a dokarsa a 2023, aka sake ta a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Dokar farko ta nemi masu tsaya wa ɗalibi da kuma shaidar cewa samun iyaye bai wuce wani adadi ba, ta biyu ta cire duk wannan. Ba ya duban maki. Ɗalibin makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, zai shiga da lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba ya biyowa ta hannun yaro. Wanda ya nemi na kashewa ana sa masa 20,000 a wata a asusunsa. Biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi.

Na san abin da zai zo miki a rai, don iyaye da yawa sun tambaye ni: ba kuɗin ruwa a ciki, abin da aka ci shi za a mayar. Amma bashi ne, Hajiya, ba kyauta ba, kuma a wuyan yarinyar yake. Ina jin yara suna cewa ai kuɗin gwamnati ne, wa zai biyo mu. Wanda ya karɓi BVN ɗinka da NIN ɗinka ai ya san inda zai same ka. Ra'ayina, idan gida zai iya ɗaukar kuɗin mota da na abinci, ta nemi na makaranta kaɗai ta bar na kashewa, don 20,000 a wata har shekara huɗu ba ƙaramin nauyi ba ne a kan wadda ba ta fara aiki ba. Idan kuma gida ba zai iya ba, ta karɓa duka, ya fi a ce ta zauna. Ku zauna da mahaifinta da ita kanta a yanke shawarar tare, tunda ita za ta biya.

Matsalarsa ɗaya ga sabon shiga: sai makaranta ta tura sunan ɗalibi cikin bayananta kafin shafin ya gane shi, ita kuma makaranta tana da ranar rufe rajista. Sau da yawa ranar rufewa takan riga kuɗin zuwa. Shi ya sa nake cewa iyaye su tanadi na farkon nan ko ta halin ƙaƙa, adashi ne, ɗan'uwa ne, kwamitin zakka na masallacin unguwa ne, ƙungiyar ci gaban garinku ce. Maƙwabtanmu Kirista sun fi mu iya wannan, coci takan haɗa wa yaro kuɗi ba tare da an ji kunya ba. Mu kuwa sai a ɓoye har ranar ta wuce. Ki ɗauki takardar gurbin da takardar biyan kuɗin ki nuna wa wanda kike ganin zai iya, mutane sun fi sakin hannu idan sun ga takarda da adadi a rubuce, kuma aka ce musu su biya kai tsaye a banki.

Sai hukumar tallafin karatu da lamuni ta jiharmu. Tana da kaso na hazaƙa, da na masu ƙaramin ƙarfi, da na masu buƙata ta musamman. Na masu ƙaramin ƙarfin shi ya fi dacewa da halin da kika faɗa. Sharuɗɗan sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar hukumar ta bana za ta bi, ba abin da wata ta yi shekara uku da suka wuce ba. A baya hukumar ta riƙa sa masu nema su rubuta muƙala da Turanci, kuma nan ne yaranmu suka fi zubewa, wasu su kwafo daga intanet a kama su. Ta fara koyon rubuta shafi guda a kan kanta da abin da take son zama, da hannunta, ta kai wa malaminta na Turanci ya gyara mata.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali. Tunda yawancin masu kuɗin nan sakamakon da ake fara tarawa tun aji ɗaya suke jira, to shekarar farko ita ce jarrabawar neman tallafin, ko yarinya ta sani ko ba ta sani ba. Kamar mai ba da bashin taki ne, sai ya ga shuka ta tsiro yake buɗe sito. A jami'a A maki 5 ce, daga 70 zuwa sama, B maki 4, C maki 3, faɗuwa kuma sifiri, kowanne ana ninka shi da nauyin kwas ɗin. Ɗauki zangon da aka yi rajistar nauyi 18. Idan ta ci B a komai, tana da 72, a raba da 18, ya ba da 4.00, ta isa neman na tarayya. Idan kwas ɗaya mai nauyi 3 ya kayar da ita, sauran duk B, ta koma 60, a raba da 18, ya zama 3.33. Kwas ɗaya tak ya fitar da ita daga na tarayya, ya fitar da ita daga na MTN. Kuma abin takaici, ba kwas mai wuya ne ke yawan kayar da su ba. Kwasa-kwasan gama-gari ne da ake cusa ɗaruruwan yara a ɗaki ɗaya, a raina su, a ƙi zuwa lakca, a rasa gwajin tsakiyar zango. Ko kuma yaron da ya yi rajista a makare saboda neman kuɗi, ya shigo an yi sati biyar ana karatu. Kin ga yadda rashin kuɗin farko yake janyo rashin tallafin gaba.

Yaran da suka ci JAMB da kyau su na fi jin tsoro a kai. Sun saba su ne na ɗaya a aji, sai su shiga da ganin sun gama. Na ga mai 290 da ta gama aji ɗaya da 2.8, na ga mai 210 da ya riƙe 4.5 har wani kamfani ya ɗauki nauyinsa zuwa ƙarshe. Idan gida za ta riƙa kwana, ki rage mata aikin gida lokacin jarrabawa, wannan ma tallafi ne. A lissafa kuɗin mota kuma, don mai tasowa daga Rigachikun ko Sabon Tasha kullum zuwa titin Tafawa Balewa, abin da take kashewa a wata zai iya ba ki mamaki.

Maganar takardu. Yau ɗin nan ki sa ta ta shimfiɗa su a tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, NIN, BVN, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma. A duba suna harafi bayan harafi, a duba ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan kaka ya shigo a wata takardar ya fita a wata, wata ta ce an haife ta a Maris wata ta ce Mayu. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta ƙi. Akwai ɗalibata da ta cika komai daidai, aka tsaya a kan Aisha da A'ishatu, kafin a gyara an rufe. Gyaran NIN yana ɗaukar lokaci, gara a fara tun babu wanda ke jira. Asusun banki ya zama da sunanta ne, ba naki ba. Imel da lambar waya su zama nata, ta riƙe kalmar sirrin da kanta. Masu shagon intanet (kafe) sukan buɗe wa yara imel su manta, ranar da aka turo gayyatar jarrabawa tana can babu mai gani. Ta kuma tabbata ta karɓi gurbin a CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbi, ta buga takardar gurbin ta JAMB ɗin, don ita masu tallafi suke tambaya, ba ta makaranta kaɗai ba.

Duk wanda ya ce ki turo kuɗi a sa sunan 'yarki a jerin tallafi, ɓarawo ne, ko da hoton gwamna ya sa a saƙon. Adireshin shafukan intanet da ake yawo da su a WhatsApp masu cewa a tura wa mutum goma kafin fom ya buɗe, kada ta sa BVN ɗinta a ciki.

Wani ya ambaci karatu a waje. Akwai na gaske, na gwamnatin Turkiyya misali, ana buɗe shi a watan Janairu zuwa Fabrairu, yana biyan makaranta da masauki da tikitin jirgi da kuɗin kashewa, da shekara guda ta koyon harshensu, kuma mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21. Nema kyauta ne, ta gwada idan mahaifinta ya amince. Amma masu nema daga ko'ina a duniya suke, kada ta saki gurbin KASU tana jiran sa.

Idan kun biya rajistar, ku adana rasit ɗin Remita, wato shafin biyan kuɗin, da na banki, ku yi fotokwafi biyu ku ɗauki hotonsu a waya. In kuɗin NELFUND ya iso makaranta bayan kun riga kun biya, da wannan rasit ɗin za ta je ofishin kuɗi ta nemi a mayar mata, kuma sai ta bi sawu, ba zuwa ɗaya ba ne. Ki gaishe da maigida, Allah Ya rufa asiri.