Firijin gida ko mai gas: wanne ya dace da motar zama?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Na sayi motar zama ta hannu, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a cikinta. Firijin da na tarar a ciki mai aiki da gas ɗin furofen ne. Da safe yana sanyi sosai, amma da rana ta take sai ya saki, abin da ke ciki ya yi ɗumi. Uwargida ta ce a cire shi a sa irin na gida, tunda ya fi girma kuma ya fi sanyi. Mukan kwana huɗu ko biyar a wuraren da babu wutar da za a jona. Batir biyu gare ni masu ruwa, kowanne amfiya-awa 100, kuma ba ni da sola. Me ka ba ni shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Uwargida ta yi gaskiya, firijin gida ya fi sanyi, ya fi ɗaukar kaya, kuma bai damu da zafin rana ba kamar mai gas. Amma da batiran da ka lissafa mini, in ka sa shi yau, kafin ku kwana biyu a daji zai tsaya cak, fitilun motar da famfon ruwa su bi shi. Don haka kada ka taɓa komai tukuna. Ina ma kyautata zaton firijin da kake shirin jefarwa lafiyarsa lau.

Mu fara da lissafi, domin a nan maganar take. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200 a rubuce (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka tara ko aka sha). Biyu sun zama 2,400. Sai dai batir mai ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi, in ana yi masa haka ba ya daɗewa. Ke nan abin da ke hannunka 1,200 ne. Matsakaicin firijin gida kuwa yakan ci tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a kwana ɗaya, kuma ba ya shan wutar batir kai tsaye, sai ta bi ta inbata ta koma irin wutar gida, bolt 120 ko 230 gwargwadon ƙasar da aka ƙera shi dominta. Ita ma inbatar tana cin nata rabon, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko da firijin na hutawa tana ɗan lasa. Ka ga abincin kwana ɗaya ke nan kake son ya kai ku kwana biyar.

Yanzu dubi mai gas. Matsakaicinsa yakan ƙona kwata zuwa rabin kilo na gas a kwana ɗaya, manya su ɗan haura. Tukunyar gas mai kilo 9, in firiji kaɗai take ciyarwa, za ta kai ka kusan mako uku. Wutar batir da yake buƙata 'yar kaɗan ce, ta kunna wuta da kula da ma'aunin sanyi. Shi ya sa masu kwana nesa da wuta suka daɗe suna riƙe da shi duk da halinsa.

Halin nasa kuwa sai an san cikinsa ake fahimta. Ba shi da kwamfuresa, wato injin nan da ke matsa iskar sanyi a firijin gida, ba shi da injin da ke juyawa ko ɗaya, shi ya sa ba ka jin motsinsa da dare. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka fito da wannan tsari a 1922, kamfanin Electrolux ya shiga ƙera shi daga 1925, kuma har yau tsarin bai sauya ba. A bayansa akwai bututun ƙarfe a toshe ruf, cikinsu ruwa ne da amoniya da iskar haidirojin. Ɗan harshen wuta yana dafa ruwan, amoniya ta tashi tururi, ta hau sama inda iskar waje ke sanyaya ta ta koma ruwa, sai ta gangaro cikin bututun da ya ratsa firijin. A nan take haɗuwa da haidirojin ta sake ƙafewa, tana ƙafewa tana zuƙe zafin da ke cikin firijin, kamar yadda zufa ke sanyaya jiki in tana bushewa. Daga nan ruwa ya sake shanye ta ya mayar da ita wurin wuta. Abin sha'awa ne ƙwarai, har yau ina jinjina wa wanda ya yi tunanin samar da sanyi daga wuta.

To amma tunda babu famfon da ke tura ruwan, gangara ce kaɗai ke tafiyar da shi, abu biyu ba ya yafewa: karkata da rashin iska.

In motar na tsaye a karkace, ruwan sai ya taru a inda bai kamata ba, tukunyar dafawar ta bushe ta yi zafi fiye da kima. Sinadarin da aka zuba don hana tsatsa sai ya daskare ya zama tsakuwa-tsakuwa a cikin bututu, a hankali ya toshe shi. Wannan ɓarna ba ta warkewa, taruwa take yi. Masu ƙera shi sukan ba da iyakar karkatar firijin: digiri 3 daga gefe zuwa gefe, digiri 6 daga gaba zuwa baya. Ka nemi ɗan ma'aunin nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, ka ɗora a ƙasan firijin duk inda kuka yada zango. Lokacin tafiya babu damuwa, girgizar hanya na motsa ruwan.

Rashin iska kuwa, shi nake zargi a matsalarka, saboda ka ce da safe yana yi, rana ce ke kayar da shi. Firijin da ya mutu ba ya sanyi da safe ma. Zafin da ya zuƙo dole ya fita ta baya: iska ta shigo ta tagar ƙasa da ke jikin motar, ta bi bututun ta hau, ta fice ta tagar sama ko ta rufi. In zafin waje ya haura digiri 32 zuwa 35, dama aikin ya yi masa nauyi, balle rana na dukan wannan ɓangaren. Na taɓa buɗe tagar bayan wani firiji da mai shi ya riga ya yanke wa hukunci. Wutar ja ce tana lilo, baƙin hayaƙi ya shafe bakin bututu. Da na haska fitila sai ga gidan zanzaro, ƙasa ƙulle kamar ɗan yatsa, a daidai inda gas ke haɗuwa da iska, ga yanar gizo-gizo ta lulluɓe sauran. Muka share, muka goge bututun hayaƙi, wutar ta miƙe shuɗiya tsaf. Washegari ruwan da muka bari a sama ya zama ƙanƙara.

Saboda haka ka duba launin wutarka, shuɗiya ake so. Ka tabbata babu abin da ya toshe tagogin nan biyu. Ka sa ƙaramar fanka mai bolt 12 a bayansa tana hura iska sama, ka riƙa juya motar yadda ɓangaren firijin zai samu inuwa. Ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja, in ta zare ba turjiya robar ƙofar ta gaji. Sannan ku sauya yadda kuke amfani da shi: a kunna shi tun daren jajibirin tafiya, domin yakan ɗauki awa takwas ko fiye kafin ya kama, a zuba masa kayan da suka riga suka yi sanyi, kada a cushe shi, kada a yi ta buɗewa. Ka ajiye ma'aunin zafi a ciki, kana neman digiri 4 ko ƙasa da haka.

Akwai alama ɗaya da in ka gan ta babu sauran gyaran gida. In ka ji warin amoniya mai hawa kai, ko ka ga gari ruwan ɗorawa a bayan firijin kusa da wurin wuta, bututu ya fashe. Ka kashe shi nan take, gas da lantarki duka, kada ka sake kunnawa. Irin wannan yoyo ya sha jawo gobara, har an janye dubban firiji a Amurka don gyara saboda shi. Ina roƙonka kada ka yi wasa da wannan. Haka nan furofen ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, don haka na'urar jin warin gas kusa da daɓe ake kafa ta, ka kuma haɗa da mai gano gubar hayaƙi, wadda ba ta da wari kuma takan kashe mutum cikin barci. A gidan mai a kashe wutar firijin kafin a shiga layi. Jiragen ruwa masu ɗaukar motoci da wasu hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ma sukan ce a rufe tukunyar gas.

Wa firijin gida ya dace da shi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda kusan kullum a sansanin da ake jona wuta yake kwana, motarsa babba ce, iyalinsa da yawa, shi kam ya saka, zai ji daɗinsa. Amma ya sani aikin ya wuce ɗauko firiji. Sai ya auna ƙofar motar tun kafin ya saya, sau da yawa sai an cire taga ake shigar da shi. Sai an ɗaure shi da jikin motar, an sa wa ƙofofinsa sakata, in ba haka ba kwanar farko za ta zubar da komai a ƙasa. Sai gwani ya toshe bututun gas ɗin da aka bari. Inbatar kuma ta zama mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta gida, mai ƙarfin ɗaukar fizgar da kwamfuresa ke yi lokacin tashi. Ya kuma karanta takardar garanti, domin ba don girgizar hanya aka ƙera shi ba. A wurinka kuwa, kafin ya yi kwana biyar sai ka koma batiran litiyam, ka shimfiɗa sola ta aƙalla wat 400 a rufi, kuma ranar da hadari ya rufe sai janareta.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, kuma shi zan nuna maka in tsohon ya tabbata ya mutu: firiji mai kwamfuresa da aka ƙera don mota da jirgin ruwa, mai shan bolt 12 kai tsaye. Ba ya buƙatar inbata, ba ruwansa da 'yar karkata, yana sanyi cikin awa biyu zuwa uku, kuma akwai masu shiga daidai ramin tsohon. Cinsa bai kai na firijin gida ba, amma shi ma batiranka biyu ba za su riƙe shi kwana biyar ba sai da sola. Wanda ya dace da ramin naka zai ba uwargida sanyin da take so, har da ɗan ƙarin fili, tunda babu tarin bututu a bayansa.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin a makon nan. Ka tsayar da motar a wuri mai daidaito cikin inuwa, ka share bayan firijin, ka kunna shi da gas awa 24 babu kaya sai kofin ruwa da ma'aunin zafi a ciki. Sannan ka sake wasu awa 24 da wutar lantarki, tunda yawancinsu suna da hanya biyu. In ya yi sanyi da lantarki bai yi da gas ba, matsalar a wurin wuta take, gyaran ƙarami ne. In duka biyun sun kai digiri 4, fanka da inuwa kawai yake nema. In kuwa duka sun gaza, bayan yana zafi ciki ba sanyi, bututun ya toshe, sai ka aiko mini da faɗin ramin da tsawonsa da zurfinsa, da girman filin da ke kan rufin motar, mu lissafa solar da za ta ishe ku.