Amsa: Ciwon mazaunai da gwiwa a doguwar tafiyar keke

Malam, ka ce kana son ka riƙa zuwa Taura daga Ringim a keke don motsa jiki, amma kafin ka kai rabin hanya mazaunai sun ɗau zafi, gwiwa na ciwo, kana tambaya ko ka ƙara wa sirdin soso mai kauri. Kada ka ƙara. Fara duba tsayin sirdin tukuna. Hau keken ka dafa bango, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da ta sauka ƙasa can: ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan gwiwa na lanƙwashe, sirdin ya yi ƙasa, kuma yawanci daga nan ciwon gwiwar ke fitowa. Hancin sirdin ma kada ya kalli sama.

Ni ma na taɓa naɗe sirdin tsohuwar Phoenix ɗina da guntun katifa, na ɗaure da robar tsohon tub. Minti 20 na farko sai ka ce a kan kujera nake. Daga nan soson ya lotse, ya sha gumi, cinyoyina suka saɓule, kwana uku ina tafiya a talale yara na dariya. Amma fa ko ka gyara sirdin, jiki sai ya saba. Kada ka ce ranar farko sai Taura. Fita bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, ka yi rabin awa ka juyo, sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wandon da ɗinkinsa ya yi tudu a tsakiya kuma ka bar shi a gida.