Ɗana yana son koyar da falsafar ɗa'a a jami'a, akwai abin yi a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama digirin farko a falsafa, ya ce zai ci gaba har ya zama malamin jami'a a fannin ɗa'a a aikace. Ban gane aikin da suke yi ba, kuma ina tsoron kada ya ƙare da dogon Turanci ba abin sawa a baki. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Wannan fanni yana ɗaukar tambayar "me ya kamata a yi?" ya shiga da ita asibiti da banki da ofishin gwamnati, inda ake yanke hukuncin da ya shafi rayukan mutane.

Ga misali daga gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. To, yaya ake neman amincewar uwar da ba ta iya karatu ba, ɗanta yana hannunta rai kwakwai mutu kwakwai? In ta ce "to", yarda ce ko ruɗewa? Irin abin da ɗanki zai riƙa nazari ke nan, kuma ni a wurina ba ƙaramin aiki ba ne. A yau ba a fara bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma masu irin iliminsa suna da abin faɗa a waɗannan kwamitoci.

Hanyar dai doguwa ce: digiri na biyu, sannan na uku, ya fara daga ƙaramin lakcara ya hau a hankali zuwa farfesa. Ƙarin girma yana rataye da maƙalun da ya wallafa, ba yawan shiga aji kawai ba. Zai sha koyar da manyan azuzuwa da duba tulin takardun jarrabawa. Albashin ba ya sa mutum ya yi arziki, ga yajin aiki; na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya kai wata 8.

Shawarata, ya zaɓi fage ɗaya, ko lafiya ko harkar kuɗi ko muhalli, ya san shi ciki da bai, domin likita ba zai saurari wanda bai san yadda asibiti ke gudana ba. In lafiya ya zaɓa, ya duba digiri na biyu da Jami'ar Ibadan ke yi kan ɗa'ar aikin lafiya da bincike.