Tambayoyin Fasaha: Wa ke raba wa na'urorin cikin kwamfuta lamba?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Zango, nan Damagaram. Na saka Linux a wata kwamfutar tebur, intanet na aiki lafiya lau ta kebul. Da na ƙara mata katin hoto, sai intanet ya ɗauke. Na duba na tarar sunan katin sadarwa ya koma enp3s0, alhali da enp2s0 ne. Lalacewa ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, katinka lafiyarsa ƙalau. Adireshinsa ne ya canza.

Katunan cikin kwamfuta suna magana da furosesa ta hanyar da ake kira bas ɗin PCI, wanda Intel ya fito da shi a 1992, daga baya PCI Express ya gaje shi. Buga lspci -D za ka ga kowace na'ura da lamba irin 0000:03:00.0. Kashi huɗu ne: yanki, bas, na'ura, sai aiki. Yanki guda na ɗaukar bas 256, bas guda na'ura 32, na'ura guda aiki 8. Sunan enp3s0 daga nan aka ciro shi: p3 bas na 3 ke nan, s0 na'ura ta 0. Wannan salon suna ya zo da systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, a 2013, don a rabu da rikicin tsofaffin sunaye eth0 da eth1 da ke musanya wuri bayan an kashe an kunna.

Sai dai lambar bas ba a rubuce take a jikin ƙarfe ba. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, BIOS, manhajar da ke fara tashi kafin Linux, shi ne ke bin hanyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Katin hotonka ya shigo a gaba, ya karɓi lamba, na bayansa kowa ya matsa. Saitin intanet kuwa har yanzu enp2s0 yake nema.

Gyara mai sauri shi ne ka canza sunan a fayil ɗin saitin. Wanda na fi so, ka rubuta fayil ɗin .link cikin /etc/systemd/network, ka ɗaure suna da lambar MAC, wato lambar shaidar da katin ya zo da ita daga kamfani, ita ba ta damu da ramin da aka soke shi ba. Haka ma faifai: a /etc/fstab yi amfani da UUID, lambar shaidar faifan, ka bar sunaye irin sda da sdb.

Tambaya: Malam, ɗaliba ce ni a jami'ar Damagaram. Wannan 0000 na farko kullum sifili nake gani a kwamfutata. Mene ne amfaninsa? Kuma a furosesar ARM ma haka ake yi?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ƙanwata, don nan ne ainihin aikin yake.

Bas 256 sun ishi kwamfutar ofis, shi ya sa yankinki guda ne, sifili. Manyan sabobi da allunan kwamfuta da yawa masu furosesar ARM kuwa suna da gadar PCI, wato mahaɗar furosesa da bas, fiye da ɗaya, kowace tana iya fara ƙirga bas ɗinta daga 0. Kamar a ce miki "gida na biyu a layin farko" ba a gaya miki Birni ko Zango ba. Lambar yanki ita ce ke raba gardama.

To wa ke bayar da ita? Shekaru da yawa kowace zuriyar furosesa a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, tana da tata dabarar. x86 na ajiye lambar a nata wurin, PowerPC a nata, SPARC ma haka, kowa ya rubuta nasa pci_domain_nr, umarnin da ke ɗauko lambar yankin. Illar ta fito fili a duniyar ARM, inda ake son direban gada guda, wato manhajar da ke sarrafa ta, ya yi aiki a furosesa mai bit 32 da mai bit 64. Idan direba sai ya san inda kowace zuriya ta ɓoye lambarta, ba zai tashi daga gida ɗaya ya shiga wani ba sai an sake masa rubutu. A 2014, ana shirya wa ARM mai bit 64 tallafin PCI, aka kawo zaɓin CONFIG_PCI_DOMAINS_GENERIC: lambar ta koma cikin bayanin bas ɗin kansa, a sashen da kowa ke tarayya a kai. Ba kowa ya ƙaura ba; x86 na nan kan tsohuwar hanyarsa.

Inda za a ajiye lamba shi ne mai sauƙi. Inda za ta fito ya fi wuya. A injin da ke da ACPI, tsarin da allo ke bayyana wa kanel na'urorinsa, allon ne ke faɗin yankin kowace gada ta hanyar _SEG, lamba mai bit 16. Allunan da ba su da shi suna amfani da fayil ɗin bishiyar na'urori, inda mai allo zai iya rubuta linux,pci-domain. In bai rubuta ba, kanel ya riƙa bayarwa bi da bi, wanda ya riga zuwa shi ke da 0. Ƙa'idar kuma tana da tsauri: ko a rubuta wa dukkan gadoji, ko kada a rubuta wa ko ɗaya, don kada lambar da aka ƙayyade ta yi karo da wadda aka ƙirga.

A ganina wannan bi da bi ɗin hanyar tsira ce kawai, bai kamata mai haɗa allo ya dogara da ita ba. Direba ɗaya ya makara wajen tashi, lambobi su juye, ki faɗa irin matsalar da ɗan'uwanmu na Zango ya kawo. In aikin kammala karatunki ya shafi allon ARM, buɗe fayil ɗin bishiyar na'urorinsa, wato .dts, ki ƙayyade yankin kowace gada da hannunki. Ki duba sashen aliases ma, don lambobin bas ɗin I2C na ƙananan na'urori da na katin ajiya mmc ta nan ake tsayar da su.