Hukuncin Bashin da Aka Tarar a Wasiƙun Sojan Yaƙin Bama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya shiga soja da ra'ayin kansa a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yanzu), kuma can ya rasu a 1945. Bayan rasuwar kakarmu mun tarar da wasiƙun da ya riƙa aiko mata. Yawancinsu da boko ne, wani yake rubuta masa, amma ta ƙarshe da ajami ce, da hannunsa. A cikinta ya ce wani abokin aikinsa yana bin sa kuɗi, ya roƙi a biya idan bai dawo ba. Baffana ya ce takarda ba shaida ba ce. Ni kuwa ina so in buga wasiƙun cikin tarihin gidanmu. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan kakanninka. Rubuta tarihin magabata halal ne, ba a saɓa a kansa ba. Sai dai, ɗana, ka sa bugawa a gaba ka bar bashin a tsakiyar magana, alhali shi ya fi shafar mamacin a inda yake, tunda ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi.

Abin da ya sauya hukunci shi ne cewa wasiƙar ƙarshe da hannunsa ya rubuta ta. Da yawa daga sojojin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, ba su iya boko ba, sai su faɗa wa magatakarda ko aboki ya rubuta, sannan hafsa ya tace wasiƙar kafin ta fita. Irin wannan takarda labari ce da ta bi ta hannun wani, ana iya ƙari ko ragi a cikinta. Wadda mutum ya rubuta da kansa yana cewa ana bin sa, ikirari ne, kuma mai hankali ba ya ɗora wa kansa bashin da babu, balle wanda yake ganin mutuwa kusa.

Maganar baffanka tana da asali, kada ka raina ta. Malamai da dama cikin Shafi'iyya da magabatan Hanafiyya sun ƙi dogara da rubutu, hujjarsu kuwa ita ce rubutu yana kama da rubutu, ana iya kwaikwayonsa. Amma wannan hujja ba ta tsaya ba. Murya ma tana kama da murya, fuska tana kama da fuska, kuma ba wanda ya soke shaida saboda haka, abin da ake nema shi ne tantancewa. Allah Ya yi umarni da rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kuma hadisin Ibn Umar ya kwaɗaitar da kada musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Idan rubutu ba ya amfani bayan mutuwar mai shi, mene ne amfanin wannan kwaɗaitarwa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Hiraƙla sarkin Rum da sauran sarakuna wasiƙu, hujja ta tsaya a kansu da su. Mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda da shaida a kan rubutun mai ikirari, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar, kuma malaman Hanafiyya da suka zo daga baya su kansu sun karɓi littafin lissafin ɗan kasuwa da na dillali. Bayan haka, waɗancan malamai da suka ƙi dogara da rubutu suna magana ne a kan abin da alƙali zai tilasta da shi idan an yi jayayya. Ku ba wanda ya kai ku ƙara. Tsakaninku da Allah ne, kuma a nan rinjayen zato ya isa, musamman idan kun gwada rubutun da wani abin da kuka tabbata shi ya rubuta.

Ku fara da tambayar tsofaffin gida ko kakarku ta biya. Idan ba a samu tabbaci ba, asali shi ne bashin yana nan. Yana kan waɗanda suka ci gadonsa gwargwadon abin da ya isa hannunsu, wanda kuma ya biya daga aljihunsa ya kyauta. Tunda kuɗin wancan zamani sun gushe, ƙimarsu za a bayar. Ku nemi zuriyar mai bin bashin da gaske, idan an rasa su ku yi sadaka da niyyar ladan ya je masa.

Wasiƙun kuwa ba naka ba ne kai kaɗai. Wasiƙa mallakar wanda aka aika wa ce, don haka sun shiga gadon kakarka, kuma baffanka yana da haƙƙi a cikinsu fiye da kai. Ka je masa da ladabi, ba da wannan amsa a hannu kana neman cin gardama ba, domin wataƙila nauyin zargin cewa an yi sakaci da wasiyyar mahaifinsa ne yake gudu.

Idan sun yarda, ka tace abin da za ka buga. Abin da ya rubuta na sirri tsakanin miji da mata ka bar shi a akwati, haka nan duk inda ya aibata wani ko ya taɓa asalin wani gida, domin jikokin mutanen suna raye. Kada ka gyara kalamansa don su yi daɗi. Kada ka rubuta masa laƙabin shahidi, kada kuma ka bari a ci mutuncinsa don ya yi yaƙi ƙarƙashin tutar Ingila, niyyarsa da halin da ya shiga Allah ne Ya san su. Takardun da ke ɗauke da Bisimilla ko aya a adana su inda ba za a wulaƙanta su ba, babu larurar ƙona su. Wallahu a'alamu.