Tambaya da Amsa: Ana cin abinci da golf a Indiya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani ɗan Indiya a talabijin yana buga golf a gasar Turai, aka ce ya samu gurbin ne don ya zo na ɗaya a kakar ƙasarsu. Ni da kurket na san Indiyawa. Yaya kakar tasu take, kuma ana samun na kai wa bakin salati a cikinta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana samu, amma ba kowa ba, kuma da gumi.

Ƙungiyar da ke shirya gasannin ita ce PGTI, ta ƙwararrun 'yan golf na Indiya, an kafa ta a 2006. Shugabanta tun 2024 Kapil Dev ne, wanda ya jagoranci Indiya ta ci kofin duniya na kurket a 1983, ka ga ashe ba ka yi nisa da gaskiya ba. A farkon shekara ake zaɓen share fage ga masu neman shiga. Daga nan a yi ta zagaya birane, Chandigarh, Delhi, Kolkata, Bengaluru, Ahmedabad, a ɗan dakata idan zafi ya tsananta damina ta biyo baya, a dawo wajen Agusta, a rufe a watan Disamba a Jamshedpur, garin kamfanin ƙarfe na Tata, a filayen Beldih da Golmuri. 'Yan Sri Lanka da Bangladesh ma suna zuwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin gasanni kwana huɗu ne, rami 18 kowace rana. Bayan kwana biyu sai a tankaɗe, a bar kusan mutum 50 da suka fi ƙarancin bugu, don a golf mai ƙarancin bugu ne ke gaba. Wanda aka tankaɗe ko sisi ba zai gani ba, alhali shi ya biya kuɗin jirgi da masauki da ladan mai ɗaukar masa jaka. Babu albashi, babu kulob da zai rufa masa asiri. A gasar da aka sa rupi miliyan 10, abin da su ke kira kuror ɗaya, zakara kan tafi da miliyan 1.5, sauran a raba har ƙasa, na can wutsiya da ƙyar zai mayar da abin da ya kashe. Ƙarshen shekara a haɗa kuɗin da kowa ya ci a jera su. Na sama 60 sun tsira da katinsu, wato izinin buga kaka mai zuwa, sauran su koma share fage. A ganina a nan kakar take da daɗin bi, wajen mutum na 58 da na 63 da ke bugawa da zuciya a hannu cikin Nuwamba, ko da yake kyamara ba ta cika leƙa su ba.

Shi kuwa na ɗaya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da gasar DP World, wato gasar Turai da ka ambata, yana samun katin shekara guda a can. Manu Gandas ne ya fara cin moriyarta bayan ya lashe gasa 6 a 2022, sai Om Prakash Chouhan a 2023, sai Veer Ahlawat a 2024. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ka gani. Tun 2019 kuma gasannin PGTI suke bayar da makin jadawalin duniya.

Kada ka ɗauka duk 'ya'yan masu hali ne. Akwai irinsu, akwai 'ya'yan sojoji, don filaye da yawa a hannun soja suke. Amma ƙashin bayan wasan yara ne da suka taso suna ɗaukar wa attajirai jaka, suna satar hannu da ido, idan fili ya watse su gwada da aron sanda. Ali Sher, wanda ya ci Indian Open a 1991, daga nan ya fito. S.S.P. Chawrasia ɗan mai kula da ciyawa ne a Royal Calcutta, kulob ɗin da Turawan Ingila suka kafa a 1829, ya kuma ci Indian Open sau biyu a jere, 2016 da 2017. Bugunsa ba shi da nisa sosai, amma idan ƙwallo ta matso kusa da rami sai ka rantse da hannu yake ajiye ta.

TAMBAYA: Akwai ɗan Indiya da ya taɓa cin gasa a Amurka?

AMSA: Akwai. Arjun Atwal ya ci gasar Wyndham a 2010, bayan ya shigo ta share fagen da ake yi ranar Litinin ga waɗanda ba su da gurbi a gasar. Anirban Lahiri kuma ya zo na biyu a gasar Players a 2022, bugu ɗaya tak ya raba shi da zakaran gasar, Cameron Smith.